Allurar da Ba Ta Huda Fata: Yadda Hasken Leza Ya Shiga Maganin Sinawa

A ƙarshen shekarun 1990, likitocin sa barci na asibitin jami'ar Innsbruck a ƙasar Ostiriya suna fama da wata matsala da duk mai aikin tiyatar yara ya sani. Yaron da aka yi wa aikin gyaran ido mai harara-garke, da wuya ya farka daga maganin barci bai yi amai ba. Aikin kansa ba babba ba ne, tsokokin da ke juya ƙwayar ido ake ɗan gyarawa, amma taɓa su kan tayar da zuciya sosai. Sai a ga yaro yana kelaya amai da ido a ɗaure, uwa na gefe ta rasa yadda za ta yi.

Likitocin suka ɗauki yara 40 suka raba su gida biyu. Kashi na farko aka ɗora musu wata 'yar na'ura mai kama da biro a cikin hannu, ɗan sama kaɗan da wuyan hannu, ta haska jan haske na daƙiƙa 30, sau ɗaya kafin a sa su barci, sau ɗaya bayan an fito da su. Kashi na biyu ma an ɗora musu na'urar a wuri guda, sai dai a kashe take. Da sakamakon ya fito a mujallar British Journal of Anaesthesia a 1998, an ga cewa kashi 85 cikin 100 na yaran da aka ɗora wa na'ura a kashe sun yi amai. A cikin waɗanda aka haska wa hasken kuwa, kashi 25 ne kawai.

Wurin da aka haska ɗin ba Turawan ne suka gano shi ba. Sinawa suna kiransa Neiguan, kuma sun yi ƙarnoni suna soka masa allura domin kwantar da tashin zuciya. Abin da ya canza a Innsbruck shi ne kayan aikin: an ajiye allura, an ɗauki haske.

Taswirar jiki ta Sinawa

Maganin allura na Sinawa, wanda duniya ta sani da suna akufancha, ya haura shekara 2,000. Littafin Huangdi Neijing, da aka harhaɗa tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ɗauki jikin mutum tamkar gona mai magudanan ruwa. A cikin magudanan nan, in ji likitocin Sin na dā, wani ƙarfi mai suna "chi" yake gudana. Idan hanya ta toshe sai ciwo ya tashi, aikin allura kuma shi ne ta buɗe ta, kamar yadda mai noman rani ke sa fartanya ya buɗe bakin fangali ruwa ya wuce.

Sinawa ba su ɗauki sanin waɗannan wurare da wasa ba. A shekarar 1027, zamanin daular Song, likitan fada Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla masu tsawon mutum, an huda su a duk inda allura ke shiga. Ana ruwaito cewa ranar jarrabawa sai a shafe mutum-mutumin da kakin zuma, a cika cikinsa da ruwa, a ce ɗalibi ya soka. In ya dace da wurin, ruwa ya tsarto. In ya kuskure, allura ta tokare da tagulla. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da daidaitaccen bayanin wurare 361 a kan magudanai 14, a 2010 kuma hukumar UNESCO ta sa wannan magani cikin jerin al'adun da ɗan'adam ya gada.

Ƙasashen Yamma sun waiwayo gare shi sosai a 1971, lokacin da James Reston, ɗan jaridar New York Times, ya kamu da ciwon afendis a Beijin. An yi masa tiyata irin ta asibiti, daga baya aka yi masa allurar Sinawa saboda ciwon ciki da ya biyo bayan aikin, ya kuma ba da labarin a jaridarsa. Afirka ta riga Amurka ganin abin da idonta. Tun 1963 Sin ta fara aika tawagar likitoci zuwa Aljeriya, Nijar kuma ta fara karɓar tata a 1976, kuma akan samu mai aikin allura a cikin irin waɗannan tawagogi. Bahaushen da ya taɓa zama gaban wanzami aka kafa masa ƙaho a gadon baya ba zai ga baƙon abu ba a tunanin cewa taɓa fata a wani wuri na iya sauƙaƙa ciwo. Sinawan ma suna yin ƙaho, da kofunan gilashi ko na gora, suna kuma ƙona wani ganye ɗan'uwan tazargade kusa da fata domin ɗumama waɗannan wurare.

Masu ilimin fiɗar jiki sun duba ciki da waje ba su ga magudanan "chi" ba. Abin da suka gani shi ne jijiyoyi da tsoka da hanyoyin jini. Amma a shekarun 1970 masu bincike irin su Han Jisheng a Beijin da Bruce Pomeranz a Toronto sun nuna cewa soka allura na sa jiki ya saki nasa sinadaran kashe zafi, waɗanda ake kira endofin.

Allurar siririya ce ƙwarai, ba ta da rami kuma ba ta ɗauke da magani. Duk da haka allura ce. Yaro na ganinta zai ƙwalla ƙara, akwai kuma manya da yawa da gumi ke keto wa in an ambaci sunanta. Mai shan maganin tsinka jini ko wanda jininsa ba ya daskarewa da wuri sai an yi hattara da shi. An sha samun yaɗuwar ciwon hanta na B a wuraren da ake maimaita allura ɗaya ga mutane da yawa, an kuma samu waɗanda aka huda wa huhu saboda an zurfafa allura a ƙirji ko a baya, ko da yake hakan ba kasafai yake faruwa ba. Waɗannan dalilai ne suka buɗe wa haske ƙofa.

Ɓerayen Budapest

Ranar 16 ga Mayu 1960, Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a duniya a ɗakin bincike na kamfanin Hughes da ke Malibu a Kalifoniya, da ɗan guntun jan yaƙutu na haɗi. Bambancin leza da tocila a bayyane yake. Hasken tocila gauraye ne na launuka da yawa, yana fita yana bazuwa. Na leza launi ɗaya ne tak, igiyoyinsa na tafiya da taki ɗaya kamar sojoji a fareti, ya miƙe siriri ba ya watsewa. Mai ƙarfinsa na yanka ƙarfe, likitocin ido na gyara gani da shi. Mai rauninsa shi ne jan ɗigon da ke karanta farashin kaya a manyan kantuna.

A 1967 wani likitan tiyata a jami'ar Semmelweis da ke Budapest a Hungari, Endre Mester, yana gwada leza a jikin ɓeraye domin ya ga alaƙarta da ciwon daji. Ya aske musu gashin baya yana haska su. Na'urar tasa ba ta da ƙarfin da ya zata, don haka ba ta ƙona komai ba, ba ta kuma haifar da ciwon daji ba. Abin da ya ja hankalinsa wani abu ne dabam: gashin ɓerayen da aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga nan ya koma kan raunuka, ya fara haska gyambon da ya ƙi warkewa a jikin marasa lafiya, ya shafe sauran rayuwarsa a wannan bincike. Shi ake ɗauka uban jinya da leza mai rauni.

Ba a daɗe ba masu aikin allura suka ce, in haske na iya motsa fata ba tare da ƙuna ba, me zai hana a ɗora shi a wuraren da ake soka allura? A farkon shekarun 1970 Friedrich Plog ya gwada haka a Kanada da jar leza mai aiki da iskar hiliyom da niyon. A Sin, likitan tiyatar baki Zhou Yo-cheng ya ba da rahoton amfani da ita wajen rage zafin cire haƙori. Na'urorin wancan lokaci manya ne masu tsada. Da aka samu ƙananan leza na zamani, sai suka koma girman biro, suna aiki da batir.

Matsala ɗaya ta rage. Mai allura kan kafa goma ko fiye ya bar su a jiki lokaci guda, mai biron leza kuwa sai ya bi wuri ɗaya bayan ɗaya. A farkon shekarun 2000, Detlef Schikora na jami'ar Paderborn a Jamus da abokan aikinsa suka ƙera abin da suka kira allurar leza: siraran wayoyin gilashi da ake mannawa a kan fata, kowace na kai haske wurinta, har wurare 8 a tare. Sunan allura kawai gare ta, ba ta shiga jiki.

Abin da ake yi a ɗakin jinya

Mai zuwa wannan jinya zai tarar da ita ba hayaniya. Zai zauna ko ya kwanta, a ba shi tabarau na musamman, mai aikin ma ya sa nasa. Daga nan a zaɓi wurare gwargwadon ciwo. Mai ciwon kai ko haƙori akan haska masa Hegu, tudun naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Mai ciwon ciki ko kasala akan je masa Zusanli, kimanin yatsu huɗu ƙasa da ƙoƙon gwiwa. Wasu kan haɗa da kunne, bisa tsarin Paul Nogier, likitan birnin Liyon na Faransa, wanda a shekarun 1950 ya zana kunne da siffar jariri kwance kai ƙasa, kowane ɓangarensa na wakiltar wata gaɓa.

Da biro, kowane wuri na ɗaukar daƙiƙoƙi kaɗan zuwa minti ɗaya ko biyu. Da wayoyin gilashi, akan bar su kamar minti 20. Yawancin mutane ba sa jin komai, wasu kan ji ɗan ɗumi.

Wannan rashin jin komai shi ne abin da masu riƙo da tsarin gargajiya ke ƙorafi a kai. A wurinsu allura ba ta yi aiki ba sai majinyaci ya ji abin da suke kira "deqi", wato wani nauyi ko tsami ko ɗan sanƙarewa da ke bazuwa daga wurin da aka soka. Suna ganin jinyar da ba ta kawo wannan ba ta aro taswira ce kawai, ta bar ainihin sana'ar.

Me haske ke yi a cikin nama?

Duk wanda ya taɓa rufe tocilar waya da yatsunsa da dare ya ga amsar farko: yatsun kan yi jajir. Sauran launuka jini da fata sun shanye su, ja ne ya ratsa. Shi ya sa na'urorin jinya ke amfani da jan haske da kuma wanda ke bayansa, infared, da ido ba ya gani. Ana auna launin haske da tsawon igiyarsa, a ma'aunin nanomita, wato kashi 1 cikin biliyan na mita. Na'urorin nan suna aiki ne tsakanin nanomita 600 zuwa 1,000. Jan haske na shiga 'yan milimitoci, infared ya fi shi zurfi, amma kowanne ƙarfinsa na raguwa da sauri yana nutsawa.

Ƙarfin na'urorin kan kama daga miliwat 5 zuwa 500, miliwat 1,000 ne kuma ke yin wat ɗaya. Ko mafi ƙarfinsu bai kai kusa da ƙwan fitilar ɗaki mai wat 10 ba. Saboda haka ake kiran su leza mai sanyi.

Bayanin da masana suka fi karɓa ya samo asali ne daga aikin Tiina Karu, masaniyar da ta yi bincikenta a Rasha. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wasu ƙananan murafu da ake kira mitokondiriya, inda ake sarrafa abinci da iska su zama kuzari. A cikin murafun akwai wani sinadari da ke shan jan haske da infared. Idan ya sha, sai samar da kuzari ya ƙaru, ƙananan hanyoyin jini su ɗan buɗe, kumburi ya ragu. Wasu gwaje-gwaje kuma sun nuna cewa hasken na rage saurin saƙon da ƙananan jijiyoyin jin zafi ke kai wa ƙwaƙwalwa.

Babban sirrin yana cikin awo. Ana lissafin abin da aka ba fata da ma'aunin jul: ƙarfin na'ura a ninka da daƙiƙoƙin da aka haska. Na'ura mai miliwat 10 da aka riƙe daƙiƙa 30, kamar ta Innsbruck, ta ba da jul 0.3 ke nan. In awon ya yi kaɗan, ba abin da zai faru. In ya yi yawa, amfanin kan koma baya, har ya danne aikin ƙwayoyin halittar. Kamar gishiri ne a miya. Wannan ne ya sa na'urori biyu masu suna ɗaya za su iya ba da sakamako mabambanta.

Ranar gwaji

Masu binciken allurar Sinawa sun daɗe da ciwon kai guda. Ƙa'idar gwada magani ita ce a ba wasu na gaske, a ba wasu na bogi, ba tare da majinyaci ko likita ya san wane ne wane ba, domin sa rai kaɗai na iya sa mutum ya ji sauƙi. To, yaya za a soka wa mutum allura ta bogi, shi da mai sokawar duka ba su gane ba? Leza ta warware wannan. Infared ba a ganinsa, ba a jinsa. Ana iya ƙera na'urori biyu iri ɗaya, masu ƙara ɗaya da fitila ɗaya, ɗaya na fitar da haske ɗaya ba ta fitarwa. Haske ya ba wannan tsohon magani damar zama jarrabawa ta adalci, sakamakon kuma ya zo da faɗuwa da cin nasara.

A Jamus, Sven Gottschling da abokansa sun gwada ta a kan yara 43 masu fama da ciwon kai, wasu na ɓari ɗaya, wasu mai ɗaure kai. An yi musu jinya sau ɗaya a mako har mako 4. Rahoton da ya fito a mujallar Pain a 2008 ya nuna cewa waɗanda aka haska da leza ta gaske sun samu ragin kimanin kwana 6 na ciwon kai a wata, na bogi kuwa kwana 1.

A Ostareliya labarin ya sha bamban. Rana Hinman ta jami'ar Melbon ta jagoranci gwaji a kan mutum 282 masu shekara 50 zuwa sama da ke fama da daɗaɗɗen ciwon gwiwa. An raba su gida huɗu: masu allura, masu leza ta gaske, masu leza ta bogi, da waɗanda ba a yi wa komai ba. Bayan mako 12, masu allura da masu leza sun ɗan fi waɗanda ba a taɓa ba samun sauƙi. Amma ba su fi masu leza ta bogi ba, kuma da shekara ta zagayo ɗan sauƙin ma ya gushe. Mujallar JAMA ta buga wannan a 2014, marubutan suka ce sakamakonsu bai goyi bayan yi wa irin waɗannan majinyata allurar Sinawa ba, da ƙarfe ko da haske.

Masu kare leza suka yi ca. Hujjarsu ita ce an ba kowane wuri jul 0.2 ne kacal, awon da suke ganin ba zai taɓuka komai ba a gwiwar babban mutum. Akwai abin dubawa a maganarsu: wani nazari da Gregory Glazov da abokansa suka fitar a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwajen ciwon baya, ya ga amfani a inda aka ba da aƙalla jul 3 a kowane wuri. Duk da haka gwajin Melbon na cikin mafiya girma da tsari da aka yi a fannin, ba a iya ture shi gefe.

Ciwon wuya ya fi samun shaida mai ƙarfi. A 2009 mujallar Lancet ta buga nazarin Roberta Chow ta Sidni, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 16 na mutum 820. Ya nuna cewa leza mai rauni na rage ciwon wuya, kuma ga masu daɗaɗɗen ciwo sauƙin na iya kaiwa mako 22 bayan kammala jinya. Sai dai a yawancin waɗannan gwaje-gwaje wuraren da ke ciwo aka haska kai tsaye. Haka ma ƙungiyar masana kula da masu ciwon daji ta MASCC, a ƙa'idojinta na 2019, ta ba da shawarar amfani da wannan haske domin kare wasu majinyata daga gyambon baki da jinyar gashi ko maganin ciwon daji ke haddasawa, a nan ma cikin bakin ake haskawa. Wannan ya bar wata tambaya da masana ke ta muhawara a kai: shin hasken ne ke aiki duk inda ya sauka a kan nama mai ciwo, ko taswirar Sinawa na ƙara wani abu? Gwajin Innsbruck na cikin abin da masu goyon bayan taswira ke kafa hujja da shi, domin wuyan hannu aka haska, amai ya ragu.

Inda aka fi tallata ta kuwa, wato daina shan taba, nan ta fi rauni. Cibiyar Cochrane, wadda ta yi suna wajen tace sakamakon bincike, ta duba gwaje-gwajen a 2014 ta ce babu tsayayyar shaida cewa allura ko leza na sa mutum ya bar taba har wata 6 ko fiye.

Baƙar fata da haske

Akwai batun da ya shafi mai karatu na Kano ko Zinder ko Kumasi kai tsaye. Sinadarin melanin da ke ba fata launinta yana shan haske, aikinsa ke nan na kare jiki daga rana. Fata mai duhu kan shanye kaso mafi yawa na hasken leza tun a sama, abin da ke isa ciki ya ragu, saman fatar kuma ya fi ɗaukar zafi. Wani bincike da aka yi a Norwe a 2011 ya nuna haka ƙarara: da na'ura mai ɗan ƙarfi, fatar masu duhu ta fi ta farare yin zafi nesa ba kusa ba, har wasu suka nemi a dakata. Galibin gwaje-gwajen da aka ambata a sama an yi su ne a Turai da Ostareliya. Awon da ya dace da yaron Ostiriya ba lallai ya dace da na Katsina ba, don haka mai aikin da ya san sana'arsa zai duba launin fata kafin ya saita na'ura, ya kuma dakata da zarar majinyaci ya ce yana jin zafi.

Haɗari mafi girma na ido ne. Ido na tattara haske ya mayar da shi ɗigo ɗaya a can bayansa, don haka lezar da ba ta ɗumama hannu ba na iya ƙona wurin gani, kuma ɓarnar kan zama ta dindindin. Infared ya fi muni, domin ido ba ya ganinsa balle ya ƙifta. Duk inda ake wannan aiki ba tabarau, wurin gudu ne. Ƙa'idojin aikin sun kuma hana haska inda aka san akwai ciwon daji sai da umarnin likitan da ke kula da shi, sun hana haska cikin mai juna biyu, sun ce a yi hattara da mai shan magungunan da ke sa fata ta kasa jure haske.

Sai kuma kasuwa. A intanet ana sayar da agogunan hannu da 'yan na'urorin sawa a hanci masu jan haske, da alƙawarin warkar da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Shaidar da ke hannu ba ta kai nan ba. Mai suga da ya ajiye maganinsa saboda agogo mai jan haske yana jefa ƙodarsa da idonsa da ƙafarsa cikin haɗari. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke da alhakin rajistar kayan aikin lafiya, mai saye na da ikon neman lambar rajista. Wanda zai je jinyar kuma yana da ikon tambayar mai aikin inda ya yi karatu, da ƙarfin na'urarsa, da jul nawa yake ba kowane wuri. Wanda ya san aikin zai amsa nan take.

Jariran Graz

Waɗanda wannan fasaha ta fi yi wa rana su ne waɗanda ba a iya soka wa allura cikin sauƙi: yara, tsofaffi masu siririyar fata, masu matsalar jini, da masu tsoron da ba ya jin lallashi. Ƙarshen wannan layi su ne jarirai sababbin haihuwa.

A asibitin jami'ar Graz a Ostiriya, likitan jarirai Wolfgang Raith yana kula da jariran da iyayensu mata suka sha ƙwayoyi masu sa maye dangin ofiyom lokacin goyon ciki. Irin wannan jariri na zuwa duniya jikinsa ya riga ya saba da ƙwayar, da aka yanke cibi kuma ta yanke masa. Sai ya kama rawar jiki da kuka mai tsini, ya kasa barci, ya kasa kama nono. Maganinsa shi ne a riƙa ɗiga masa mofin a baki, ana ragewa sannu a hankali har jikin ya haƙura, abin da kan ɗauki makonni.

Raith da abokan aikinsa suka ɗauki jarirai 28. Duka an ba su maganin da aka saba, rabi kuma aka ƙara musu da hasken leza kullum a wasu wurare na kunne da na jiki, idanunsu a rufe. Gwajin ƙarami ne, ba a kuma yi amfani da na'urar bogi a ɗaya rukunin ba, saboda haka yana buƙatar a maimaita shi da jarirai masu yawa. Abin da mujallar Pediatrics ta buga a 2015 shi ne: jariran da aka haska sun sha mofin na kimanin kwana 28, sauran kwana 39. Na farkon an sallame su daga asibiti bayan kimanin kwana 35, na biyun sai da suka kai 50. Tsakaninsu akwai mako biyu cur da uwa ta yi da ɗanta a gida, ba tare da an huda masa fata ko sau ɗaya domin wannan jinya ba.